Wasiƙa ga Edita: A Daina Fassara “Intensive” da “Mai Tsanani”

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana a kan wata kalmar Turanci da take yawan shigowa labaranmu ta hanyar fassara, kuma sau da yawa take fitowa a karkace. Kalmar ita ce “intensive”. Mu malamai ne masu koyar da Turanci da fassara, kuma abin da muke karantawa a jaridu muke kuma ji a rediyo shi ne, da zarar mai fassara ya ci karo da ita sai ya rubuta “mai tsanani” ya wuce. Sai ka ji an ce an kai wane sashen kulawa mai tsanani, ko gwamnati za ta ƙarfafa noma mai tsanani, ko an buɗe kwas mai tsanani na mako shida. Bahaushe kuwa in ya ji tsanani, wahala ce take zuwa masa a rai: tsananin yunwa, tsananin ciwo, tsananin rayuwa. Babu manomin da zai ji an ce noma mai tsanani ya yi marmarinsa, alhali mai yiwuwa shi ne noman da ya gada tun kaka da kakanni.

Tushen rikicin shi ne akwai kalmomi biyu ’yan ɗaki ɗaya, “intense” da “intensive”. Dukansu daga Latin suka fito, daga aikatau “intendere”, wanda Romawa kan yi amfani da shi har wajen jan tsarkiyar baka ta ɗaure tam. Ta farkon tana siffanta ƙarfin abu yadda yake, ko yadda jiki da zuciya suke jin sa: zafin rana a watan Afrilu, raɗaɗin haƙori, ƙiyayya, matsin lamba, gumurzun yaƙi. A nan “tsanani” daidai ne, babu gyara. Ta biyun kuwa aiki take siffantawa, aikin da wani ya shirya da gangan, ya tara ƙarfi mai yawa a ƙaramin wuri ko a cikin gajeren lokaci. Ba ɗan Adam ne ya shirya zafin Afrilu ba, shi ya sa ɗalibin da ya rubuta “intensive heat” ko “intensive pain” a jarrabawar WAEC ko NECO mai duba takarda zai ja masa jan biro. Haka ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, “intense” ne.

Akwai wuraren da kalmomin biyu duk suke shiga, amma ba abu ɗaya suke faɗa ba. In aka ce “intense training” ana nufin masu karɓar horon sun ji jiki, sun yi gumi, sun galabaita. In aka ce “intensive training” ana nufin an cusa sa’o’i masu yawa a cikin ’yan kwanaki. Horon sabon soja ya haɗa duka biyun. Koyon ɗinki na mako biyu daga safe zuwa la’asar a ƙarƙashin fanka kuwa na biyun ne kawai, domin babu wanda ya sha wuya.

Abin da muka fi so masu fassara su riƙe shi ne, duk inda “intensive” ta fito akwai lissafin rabawa a bayanta, wato nawa a kan nawa. Nas nawa a kan majinyaci nawa, buhun taki nawa a hekta ɗaya, kaji nawa a murabba’in mita, sa’a nawa a mako. Bokitin ruwa ɗaya ne, in ka juye shi a gindin shuka guda ka yi “intensive”, in ka yayyafa shi a faɗin gona ka yi kishiyarta, wato “extensive”, wadda ta fito daga “extendere”, shimfiɗawa. Ruwan bai ƙaru ba, bai ragu ba, filin da ya sha shi ne ya bambanta. Mai fassarar da ya nemo wannan lissafi a cikin labarin zai samu Hausar da ta dace. Wanda bai neme shi ba ne yake fakewa da “tsanani”.

A asibiti wannan kuskure ya fi ciwo, saboda haka za mu ɗan daɗe a nan. “Intensive care” ba bayanin halin da majinyaci yake ciki ba ne, bayanin yawan hidimar da ake yi masa ne. A ɗakin kwanciya na gama-gari nas ɗaya takan kula da gadaje da yawa, kuma akan auna zafin jiki da hawan jini da bugun zuciya bayan sa’a huɗu ko shida. A wancan sashen kuwa ƙa’idar da ake so a bi ita ce nas ɗaya ga kowane majinyacin da ke kan na’urar taimakon numfashi. Na’urori suna manne da shi suna nuna bugun zuciya da hawan jini da yawan iskar oksijin a jininsa ba tsayawa, ana auna fitsarin da ya fito ta roba duk bayan sa’a guda domin a san halin ƙoda, magani yana shiga jijiya da famfo mai ƙidaya, likita kuma yana kusa dare da rana. Yawan idanu da hannuwa da na’urori a kan gado ɗaya, shi ne abin da kalmar take faɗa.

Tarihin sashen ma haka ya nuna. A 1952 annobar shan inna ta afka wa Kopenhagen, babban birnin Danmak. Yara da manya numfashinsu ya shanye, asibitin Blegdam kuma ba shi da isassun na’urori, mafi yawan waɗanda cutar ta kama musu numfashi suna mutuwa. Wani likitan sa barci mai suna Bjørn Ibsen ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a saka bututu, a riƙa tura iska cikin huhu ta hanyar matsa wata jakar roba da hannu. Aka tattaro ɗaliban likitanci sama da dubu suna karɓa-karɓa, kowane majinyaci da mutum a bakin gadonsa yana matsa jaka dare da rana, wasu har tsawon makonni. Mace-macen suka ragu da kusan rabi. A 1953 Ibsen ya buɗe sashen da ake ɗauka shi ne na farko irinsa. Wato tun ranar farko an gina shi ne domin a ceto wanda da an bar shi a ɗakin gama-gari ba zai kai ba.

Shi ya sa muke roƙo da babbar murya a daina kiran wannan wuri “ɗakin gobe da nisa” a cikin labarai. Mun san sunan ya kama bakin jama’a, kuma yana da daɗin faɗa, amma hukunci yake yankewa. Mutum nawa ake kai wa can bayan babbar tiyata, an riga an tsara tun kafin a shiga cewa zai kwana ɗaya ko biyu ana sa masa ido, sannan a mayar da shi ɗakin kwanciya? Mai naƙudar da jijjiga ta kama, da wanda maciji ya sara numfashinsa ya yi rauni, da wanda ya yi haɗarin mota, da yawa suna fitowa da ƙafafunsu. Amma dangin da kunnensu ya saba jin “gobe da nisa”, in likita ya ce za a kai ɗan’uwansu can, abu ne mai sauƙi su ce gara a tafi da shi gida ya cika a ɗakinsa. Ga misali da duniya ta shaida: ranar 6 ga Afrilu 2020 aka mayar da Firaministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, wannan sashe a asibitin St Thomas da ke Landan saboda cutar korona. An ba shi iskar oksijin, ba a ɗora shi kan na’urar numfashi ba, ranar 9 ga wata ya fito daga sashen, ranar 12 aka sallame shi.

Wasu kuma suna rubuta “sashen kulawar gaggawa”. Wannan ma ba daidai ba ne, domin sashen gaggawa wani wuri ne daban, shi ne ƙofar da ake fara shiga da wanda aka kawo ranga-ranga, a tsayar da jini, a ɗaura ruwa, sannan a yanke inda za a kai shi. Ɗan’uwan da ya karanta labari ya taho dubiya zai nufi wurin da ba nan majinyacin yake ba. A ganinmu “sashen kulawa ta musamman” shi ya fi dama-dama, kuma ya riga ya zauna a kunne. Rauninsa ɗaya ne: “musamman” tana iya sa a zaci ɗakin manya ne, mai firji da talabijin. Maganin wannan kuwa a ambaton farko a ƙara ’yan kalmomi, a ce “sashen kulawa ta musamman, inda ake sa wa majinyaci ido da na’urori dare da rana”. Halin da majinyacin yake ciki kuma labari ne daban, Turanci yana da nasa kalmomi a kansa, irin su “critical” (mawuyacin hali) da “stable” (jiki ya daidaita). In asalin labarin bai ce yana cikin mawuyacin hali ba, kada mai fassara ya ƙara daga aljihunsa.

Akwai wani wurin a harkar lafiya da kalmar take da nauyi. Maganin tarin tibi na manya, wanda bai bijire wa magani ba, wata shida ake sha, kuma kashi biyu ne. Wata biyun farko su ne “intensive phase”, ana haɗa magunguna huɗu kullum: rifamfisin, isoniyazid, firazinamid da etambutol, a dunƙule cikin ƙwaya guda, yawan ƙwayoyin kuma gwargwadon nauyin mutum. Wata huɗun da suka biyo baya magunguna biyu ne, rifamfisin da isoniyazid. Abin da sunan yake faɗa ke nan, magani huɗu a wata biyu, domin a karya lagon ƙwayar cutar da wuri, a rage yaɗa ta ga mutanen gida. In aka fassara shi da “matakin tsanani”, mai ciwo zai fahimci lokacin da ciwonsa yake da tsanani ake nufi. To, bayan ’yan makonni tarin ya lafa, zazzaɓin dare ya tafi, abinci ya fara shiga, sai ya ga tsanani ya wuce, ya ajiye magani. Ƙwayoyin cutar da suka rage kuwa ba su mutu ba, sai su farfaɗo, wani lokaci su dawo ba sa jin maganin farko, a koma ga wanda ya fi tsada ya fi wahalar sha. Da an ce masa “zangon farko na magani huɗu” da “zangon ƙarasawa na magani biyu”, da ya san tafiya ce mai zango biyu, kuma gwajin majina da ake yi a ƙarshen wata na biyu ba sallama ba ce.

Sai noma. A nan fassara biyu muke gani, “noma mai tsanani” da “noman zamani”, kuma duk sun kauce. Zamani bai shigo maganar ba. Manomin alkama a Ostareliya mai dubban hekta da manyan injuna, wanda abin da yake zuba wa kowace hekta kaɗan ne, “extensive” yake yi, duk da injunansa na zamani ne. Mai lambun albasa a fadama, wanda filinsa bai kai rabin eka ba amma kullum yana cikinsa, ya yi fangali, ya yi dashe, ya ba da ruwa, ya cire ciyawa da hannu, ya zuba taki sau biyu ko uku, shi ne mai “intensive”, ko da da jigo yake ɗebo ruwa. Ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun yi suna a littattafan ilimin ƙasa a kan wannan. Michael Mortimore, masanin ilimin ƙasa ɗan Birtaniya da ya koyar a Zariya da Kano, ya yi nazarinsu tun shekarun 1960: ana noma gona duk shekara ba a bar ta ta zama saura ba, ana haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a fili ɗaya, ana tara takin dabbobi, jakuna suna shiga birni da itace su fito da taki, harawa da karmami kuma suna komawa ga tumaki da awaki. Wannan shi ne ainihin abin da kalmar take nufi, kuma ya girmi tarakta.

Lissafin nawa a kan nawa a nan a fili yake. Masarar da aka shuka da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, da santimita 25 tsakanin rami da rami, tsiro ɗaya a rami, za ta ba da tsirrai kusan 53,000 a hekta. Wannan yawan yana buƙatar abinci daidai da shi: buhu 8 na takin NPK 15-15-15, sannan a biyo da yuriya kusan buhu biyu da rabi. Wanda ya cika gona da tsirrai haka amma ya zuba buhu biyu kacal, ya ɗauki rabin tsarin ya bar rabi, sai kara ya fito siriri, goyo ya fito ƙanana, ya ce irin ne ba shi da kyau. Labarin da ya ce “noma mai tsanani” bai gaya wa manomi ko ɗaya daga cikin wannan ba. Wanda ya ce “noman da ake tara wa ƙaramin fili taki da ruwa da hidima” ya gaya masa abin da zai shirya.

A kiwo ma ba ma buƙatar ƙirƙira, domin Hausa ta riga ta raba. Kiwon sake shi ne “extensive”. Ragon da aka turke wata biyu ko uku kafin Babbar Sallah, ana kawo masa harawa da dusa da kowar wake da ruwa har inda yake, shi ne “intensive”. Kajin gidan gona da ake killacewa, buroila kamar goma a murabba’in mita a kan dusar katako, kowace ta ci abinci kilo 4 zuwa 5 ta isa yanka a mako shida zuwa takwas, su ma haka. Kuma abin da yake kawo ribar shi ne yake kawo asarar: cunkoso. In shimfiɗar ta jiƙe, ko iska ba ta ratsa ɗakin, ko aka tsallake rigakafin cutar gumboro, cuta takan share ɗaki cikin ’yan kwanaki. Don haka “kiwon turke” ko “kiwon killacewa” sun wadatar.

In kalmar ta zo a manne da wata a gabanta, aikin ya fi sauƙi, domin aikatau “ci” ya gama shi. “Labour-intensive” sana’a ce mai cin ma’aikata, kamar dashen shinkafa da tsinkar tumatir. “Capital-intensive” mai cin jari, kamar matatar mai. “Energy-intensive” mai cin makamashi, kamar masana’antar siminti da murhunta yake kai wa zafin digiri 1,450. Mun sha ganin an fassara ta farkon da “aiki mai wahala”, kuma wannan yana juya labarin. Gwamnatin da ta ce za ta yi ayyuka “labour-intensive” alkawarin ɗaukar mutane da yawa take yi, ba barazanar ba su wuya ba.

A makaranta kuwa, ga allunan lasin a bakin titi suna tallan “intensive lesson” ga masu shirin JAMB. Iyaye su yi tambaya ɗaya kafin su biya: sa’a nawa a mako? Darasin sa’a 120, in ana yin sa’a 4 a mako, mako 30 zai ɗauka. In ana yin sa’a 20 a mako, mako 6 ne. Na biyun shi ya cancanci sunan. Sa’a biyu ranar Asabar bai cancanta ba, komai girman allon. Kuma ya kamata a san iyakarsa. Abin da aka cusa cikin gaggawa yana saurin zubewa in ba a bi shi da bita a rarrabe ba, wannan sanannen abu ne tun gwaje-gwajen da masani ɗan Jamus Hermann Ebbinghaus ya wallafa a 1885 a kan mantuwa. Irin wannan darasi yana gyara wa wanda ya riga ya karanta, ba ya gina wa wanda bai da tushe. Hausarsa “kwas na gajeren zango mai yawan sa’o’i”, ko a taƙaice “karatun duƙufa”.

Malaman harshe kuma tun zamanin Harold Palmer, masanin koyar da Turanci na farkon ƙarni na 20, suke raba karatu gida biyu. “Intensive reading” shi ne a ɗauki ɗan gajeren nassi a bi shi kalma-kalma, a warware nahawunsa da ma’anarsa. Duk wanda ya zauna a karatun zaure ya san shi: almajiri ya ja layi ɗaya, malam ya fassara kalma bayan kalma, ya tsaya ya yi bayani, a tashi ba a wuce rabin shafi ba. “Extensive reading” kuwa a karanta littattafai masu sauƙi da yawa, ba tsayawa duba ƙamus, domin ido ya saba. Yaranmu na farkon suke samu a aji, na biyun ne ya yi musu ƙaranci.

Ɗaliban kimiyya na babbar sakandare za su gamu da kalmar a wata riga. “Intensive property” siffa ce da ba ta canzawa da yawan abu. Ruwan da ke tafasa, kofi ne ko duro, zafinsa ɗaya. Nauyin kowace lita ta ruwa kilo ɗaya ne, ko a randa ko a tafki. Jimillar nauyi da jimillar lita kuwa suna ƙaruwa in an ƙara ruwan, su ne “extensive”. A nan ba “tsanani” ba “himma”, sai dai a ce “siffar da ba ta dogara da yawa ba”.

Akwai maƙwabtan kalmar da ake cakuɗa su da ita, kuma labari guda zai raba su. A ce kwalekwale ya kife a kogi ana neman mutane. “Intensive search” na nufin an tara masu ninkaya da jiragen ruwa da yawa a ɗan yankin da abin ya faru, ana nema haiƙan. “Extensive search” na nufin an bi kogin kilomita da yawa zuwa gangare, an duba gaɓa biyu. “Thorough search” na nufin ba a tsallake ko’ina ba, an bi lungu-lungu, ko da mutum uku ne suka yi shi a cikin mako guda, domin kalmar ’yar’uwar “through” ce, ratsawa daga wannan gefe zuwa wancan. “Exhaustive search” na nufin an ƙure duk wata hanya, babu sauran inda za a duba. Kada a haɗa ta da “exhausting”, mai gajiyarwa. Bambancin ba na ado ba ne. Nema yana iya zama na haiƙan amma ba na ƙwaƙwaf ba: mutum ɗari su yi ta nutso a wuri ɗaya, gawar kuwa tana maƙale a ciyawa can gaba. Iyalin da aka gaya musu an yi binciken ƙwaƙwaf za su fid da rai su yi zaman makoki, alhali abin da hukuma ta faɗa shi ne ana kan nema tuƙuru.

Abin takaicin shi ne Hausa ba ta rasa kayan wannan aiki ba. Turanci yana ɗora ma’anar a kan siffa, Hausa kuwa a kan aikatau da bayanau take ɗora ta, mai fassara kuma sai ya nace sai ya samo siffa a madadin siffa. Muna da duƙufa, da zage damtse, da ba da himma. Muna da haiƙan, tuƙuru, gadan-gadan, ka’in da na’in, wurjanjan, babu kama hannun yaro. Ga ɓangaren ƙwaƙwaf muna da filla-filla, dalla-dalla, bin diddigi, tsefewa, kakaf. Aikatau kansa yana ɗaukar ma’anar gamawa ɗungurum: ci da cinye, sha da shanye, karanta da karance. Ga ɓangaren “intense” muna da zazzafa, ƙaƙƙarfa, tsattsaura, ƙazami, matsananci. Ninka aikatau kuma, kamar yayyanka da tattambaya, tsofaffin littattafan nahawun Hausa na Turawa “intensive” suke kiransa, har Paul Newman, masanin harshen Hausa, ya nuna cewa ba ƙarfin aikin yake nunawa ba, yawansa yake nunawa, sau da yawa ko a kan abubuwa da yawa. Don haka ninkin yana da amfani in labarin yawan aikin yake nufi, kamar ’yan sanda sun tattambayi mazauna unguwa.

Ga yadda muke koya wa ɗalibai su bi jimla. A fara duba sunan da kalmar ta siffanta, a tambaya ko mutum ne ya shirya shi. In ba mutum ba ne, “intense” ake nufi ko da marubucin ya yi kuskure, a sa “tsanani”. In mutum ne, a karanta labarin har ƙasa a nemo me aka tara, kuma a cikin wane fili ko wane lokaci. Sannan a rushe jimlar a sake gina ta a kan aikatau. Ɗauki “The two sides held intensive talks for three days”. Wanda ya rubuta “sun yi zazzafar tattaunawa” ya ba da labarin an tada jijiyar wuya, abin da asalin bai faɗa ba, kuma a labarin sulhu wannan ƙari yana iya ɓata zukata. Daidai shi ne “ɓangarorin biyu sun shafe kwana uku sun duƙufa kan tattaunawa”. “Intensive bombing” luguden bama-bamai ne, “intense fighting” ƙazamin faɗa. “Intensive vaccination campaign” kuwa gangamin rigakafi ne na gida-gida cikin ’yan kwanaki, kuma sanya “tsanani” kusa da “rigakafi” a yankin da aka sha fama kafin iyaye su yarda da allurar shan inna ganganci ne.

Mun san uzurin da za a kawo: kanun labari ba ya ɗaukar dogon bayani, kuma lokacin rufe shafi ba ya jira. Gaskiya ne. Amma gajerun siffofin suna nan: “An kai wane sashen kulawa ta musamman”, “Jami’an tsaro sun duƙufa neman ɗaliban”, “Za a horar da matasa na mako shida”, “Masana’antu masu cin wuta sun koka”. Babu wanda ya fi na “mai tsanani” tsawo da abin a zo a gani. Roƙonmu, Ranka ya daɗe, a saka waɗannan a takardar ƙa’idojin rubutu ta ɗakin labaranku, tare da zango biyu na maganin tibi da kiwon sake da na turke, kuma mai tace labari ya riƙa mayar da duk fassarar da ta zo da “mai tsanani” a gaban kulawa, noma, kiwo, horo ko rigakafi, har sai an duba asalin Turancin an ga wace ce daga cikin kalmomin biyu.

Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka. Wassalam.

Daga wasu malaman Turanci da fassara,
Zariya.